Ƙofar Yamma

Dang Meifeng ta ɗaga tutarta ta jagorar masu yawon buɗe ido ta sake ƙirga baƙin nata a kan ganuwar birnin Xi'an. Sha bakwai. Sauran biyun suna can baya, dattijo mai farar hula da sanda, 'yarsa na riƙe da hannunsa. Tun da jirginsu ya sauka daga Kazakhstan jiya, shi ne kullum na ƙarshe. Sauran sun hau kekunan haya, sun yi hotuna, sun tambayi shekarun tubalin da suke takawa, shi kuwa yamma kawai yake kallo.

Wayarta ta yi ƙara. Lei ne, direban motarsu.

"Ina kuke ne? 'Yan sanda sun kore ni sau biyu."

"Yi haƙuri, Oga Lei," ta ce da shi da yaren garin, tunda baƙin Rashanci suke ji. "Wani tsoho ne nake ja. Kafin ya iso matattakala gashina ya yi furfura."

"Ai furfura ba ta kisa, 'yata," in ji wata murya a bayanta. "Dube ni."

Ta juya. Dattijon ne, yana haki yana murmushi. Da yarenta ya yi magana, irin na tsofaffin ƙauye da ta daɗe ba ta ji ba. Kunya ta rufe ta har wuya.

"Baba, ka yafe ni. Ban san kana ji ba."

"Da shi aka yi mini faɗa ina yaro. Faɗan ma na fi ganewa."

Sunansa Jumaza Lirov. 'Yarsa Zulfiya, malamar asibiti ce, ta yi bayani da Rashanci cewa mutanen ƙauyensu daga nan ƙasar suka fita shekara ɗari da hamsin da suka wuce, lokacin babban yaƙi, suka ƙetare duwatsu cikin ƙanƙara. Ba su bar yaren ba. Baba Jumaza ya ce shi dai a kwalekwalen iska aka kawo shi, wato jirgin sama, kuma ya ga sarkin yanzu ya gyara hanyoyi. Meifeng ta yi dariya har ta manta da agogo.

Suna sauka ya tsayar da ita.

"Yaushe za mu Ƙofar Yamma?"

"Ba ta cikin tsarinmu, Baba. Daga nan sai shagon duwatsun ado, sai abinci, sai wajen gumakan sojoji na yumɓu. Gobe da safe kuma birnin Luoyang za ku."

Ya dogara da sandarsa.

"Kakana yana da shekara shida aka fita da shi. Ya ce duk wanda Allah ya mayar a cikinmu, ya je Ƙofar Yamma ya ƙwanƙwasa sau uku, ya ce ya dawo. Shi bai zo ba. Babana ma bai zo ba."

Zulfiya ta matso ta rage murya. "Likita ya hana shi wannan tafiyar. Zuciyarsa ce. Na so mu ɗauki tasi mu je mu kaɗai, amma ina tsoron ya faɗi a inda ba na jin yare sosai."

Meifeng ta san dokar kamfaninsu. Tsayawa a shagon nan dole ne, kuma mai shagon yakan buga wa shugabanta, Manaja Kou, waya idan mota ta yi latti. A watan jiya an riga an ja mata kunne sau ɗaya. Ta shiga motar ta zauna kusa da direba.

"Oga Lei, bi ta Ƙofar Yamma."

"Kin sha wani abu ne? Kou zai cinye ki ɗanya."

"Ni na ce. Kai tuƙi kawai ka yi."

Ya leƙa madubi ya kalli dattijon, ya yi tsaki, ya karya kan mota. Ta ɗauki makirufo ta gaya wa baƙin abin da ake ciki. Wata mata mai jan gashi ta ce ita awarwaro ta zo saye, mijinta ya ce ta yi shiru.

A Ƙofar Yamma motoci ta gefe suke wucewa. Tsohuwar ƙofar kanta, mai kaurin katako da manyan ƙusoshi, tana rufe, an gitta igiya a gabanta. Mai gadi, wani gajeren mutum da gorar shayi a hannu, ya tare su.

"Ba a taɓawa. Hoto daga nan."

"Yayana, minti ɗaya ne," in ji Meifeng.

"Kowa minti ɗaya yake cewa. In an gani a kyamara ni za a kira, ba ke ba."

Baba Jumaza ya matso. "Dogari, daga nesa nake. Ka bar ni in yi sallama da gida."

Mai gadin ya sauke gorar daga bakinsa. "Wa ya koya wa wannan tsohon irin maganar kakata?" Meifeng ta gaya masa a taƙaice. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya kwance igiyar. "Ku yi sauri."

Dattijon ya miƙa wa 'yarsa sandar ya tafi shi kaɗai. Taku goma ne, amma ya daɗe. Ya dafa katakon da tafinsa, sannan ya dunƙule hannu ya buga sau uku. Ƙarar ba ta kai ko'ina ba saboda hayaniyar motoci.

"Na dawo," ya ce.

Ba abin da ya faru. Ya tsaya yana fuskantar ƙofar, baƙin sun sauke wayoyinsu ba mai ɗaukar hoto. Meifeng ta ga an bar shi a tsaye ba amsa. Mai gadin ne ya yi gyaran murya.

"Ka dawo, Baba? Sannu da hanya. Ka ci abinci kuwa?"

Baba Jumaza ya juyo, fuskarsa jiƙe, yana dariya. "Ban ci ba tukuna."

Wayar Meifeng ta yi ƙara. Ta koma gefe. Manaja Kou bai tsaya gaisuwa ba. Ya ce ta ƙarasa da waɗannan, amma daga gobe wata za ta karɓi baƙinta, sai ya neme ta. Ta ce ta ji, ta kashe.

Da ta dawo, dattijon yana zaune a kujerar mai gadi, Zulfiya na ba shi magani da ruwan shayin mutumin. Ya yafito ta.

"Ke 'yar wane gari ce?"

"Wani ƙauye ne a bakin kogin Wei, kusa da Weinan."

"Mu ma daga bakin kogin nan muka tashi. Ashe maƙwabta ne."

Meifeng ta kawar da kai. A ƙauyensu akwai wata tsohuwar rijiya da aka toshe, ba a noma kusa da ita. Kowane yaro ya san gawawwakin mutanen ƙauyen ne a cikinta, ya kuma san waɗanda aka ce sun zuba su: masu sa farar hula irin ta dattijon nan, a shekarar da suka yi tawaye. Ba ta taɓa tunanin inda waɗancan suka ƙare ba.

Ya daɗe yana kallon fuskarta.

"An ba ki labari," ya ce a hankali. "Mu ma an ba mu namu."

"An ba ni, Baba."

Ya gyaɗa kai. Zulfiya ta miƙo masa sandar, bai karɓa ba. Ya ɗaga hannunsa wajen Meifeng, ta kama shi ta tashe shi tsaye, suka nufi mota a hankali, sauran baƙin na biye da su a baya.