Inna Ta Wanke Kwalaben Bareyi

Likitan dabbobi ya sha wuya kafin ya samu jinin bareyin nan. Barewa ba akuya ba ce da za ka cafke ta a kunne. Sai ka yi rub da ciki a ciyawa, cinnaku na gasa maka cizo, ka harbe ta da allurar barci, sannan ka bi ta a guje.

Wata cuta ce ke kashe shanu a gefen gandun daji, aka ɗora wa bareyi laifin yaɗa ta. Masu gandun suka ce in gwajin jini bai nuna cewa ƙwayar cutar ba ta taɓa shiga jikinsu ba, za a harbe su duka a ƙarshen mako. Likita kuwa yana son dabbobin nan har cikin ransa.

Firjin ofis ya mutu, kamar yadda ya saba. Sai ya kawo 'yan kwalaben gida, ya cusa su a nasa firjin bayan tumatir. Ruwan jini ne da ya tace, rawaya-rawaya, ba kyan gani.

Ya manta mahaifiyarsa ta zo musu kwana biyu. Inna irin matan nan ce da ko cokali mai tsabta ta gani sai ta sake wanke shi.

Da ya dawo da rana, ya tarar da kwalaben jere a faranti a tsakar gida, suna ƙyalli.

"Har ƙasansu na sa tsinke," in ji Inna tana murmushi. "Wane irin ƙazami ne kai? Fitsari a inda ake ajiye abinci!"

Ya zauna a ƙasa. Uwa ba a yi mata tsawa.

"Sannu da aiki, Inna," ya ce. Sannan ya yi mata bayani a hankali.

Murmushin ya ɓace. "Wato saboda wankina za a kashe su?"

Ta shiga ɗaki, ta fito da mayafi da takalmin roba, ta buɗe motar aikinsa ta hakimce a gaba.

"Inna, daji ne fa! Barewa shuri take yi."

"Ɗauko bindigar allurarka mu tafi," ta ce. "Ni na danne ka aka yi maka allura kana yaro. Barewa ba ta kai ka shuri ba."