Ranar da Yaya Ya Rasa Hanyar Saukowa

Ni da yayana sana'armu ɗaya, duba rufin gine-ginen kasuwanci. Ba ma kafa sabon rufi. Namu shi ne mu hau mu ga abin da rana da ruwa suka yi wa wanda ke akwai, mu tare ɓarna tun tana ƙarama. Kantuna, ɗakunan ajiyar kaya, wani gidan buga takardu, da wani dogon bene mai ofisoshi, duk suna hannunmu. Mukan zagaya su kafin damina ta faɗi, mu sake zagayawa bayan ta ɗauke. In an yi iska mai ƙarfi a tsakani, mu koma mu leƙa.

Yaya ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi kuma ya fara ɗora ƙafata a kan tsani. Masu shaguna suna kiransa Muzuru, don in yana tafiya a kan kwano ba a jin motsinsa daga ƙasa. Ni kuwa in na hau, sai mai kantin magani ya leƙo ya ce, "Yau kuma jaki kuka ɗora mana?"

Tsarin aikin duk a kan Yaya yake. Ya san ginin da bishiya ke cika wa indararo da ganye, da shi ake farawa. Ya san rufin simintin da ruwa ke kwanciya a kusurwarsa, da wanda ƙusoshinsa suka fara ɗagowa, da manajan da in ba a yi masa waya da wuri ba sai ya tafi da makullin bene a aljihu. Ni nawa bin umarni ne da ɗaukar gwangwanin kwalta.

Abin ya faro kamar wasa. Wata safiya ya buga wa mai kantin magani waya yana sanar da shi zuwanmu, alhali jiya-jiya muka sauko daga rufinsa. Muka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce, "Tsufa ne ya yi sallama, ban dai amsa ba." Daga baya ya fara barin guduma a sama. Matarsa ta ja ni gefe ta ce yakan ci abinci ya wanke hannu, can anjima ya tambaye ta ko ba a gama girki ba ne. Na ce mata gajiya ce. Abin da nake so ya zama ke nan.

Ranar da abin ya fito fili, a kan wani ɗakin ajiyar kaya muke, rufi mai faɗi kamar filin ƙwallo. Muka raba, ni gabas shi yamma. Na share indararona, na matse ƙusoshin da suka saki, na shafa kwalta inda tsatsa ta fara ci, na sauko na tsaya jikin mota ina jiransa. Rana ta take. Na tambayi mai gadi, ya ce shi dai bai ga Muzuru ya sauko ba.

Na koma sama. Na same shi zaune a inuwar tankin ruwa, ya haɗa kai da gwiwa, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf.

"Yaya, lafiya?"

Ya ɗago ya dube ni. "Wa ya ɗauke tsanin?"

Ga kan tsanin can ana gani, inda muka jingina shi tun safe.

"Na zagaya, na zagaya," in ji shi. "Ko'ina iri ɗaya ne." Sai ya rage murya kamar kada wani ya ji. "Wai wannan ginin na wane ne?"

Rabin kwanon da ke ƙarƙashinmu shi ya canza shi da hannunsa. Na kama hannunsa muka taka a hankali a kan layin ƙusa. Na riga shi sauka, ina kama dugadugansa ina ɗora su a kan matakala ɗaya bayan ɗaya har muka taɓa ƙasa. Mai gadi ya kawar da kai, ya yi kamar yana gyara kujerarsa.

Likita bai yi mana rufa-rufa ba. Ya ce ciwon mantuwa ne, magani yana rage masa gudu amma ba ya mayar da abin da ya tafi. Ba tuƙi, ba hawa sama. Matar Yaya ta ce ita ba za ta iya faɗa masa ba, ni in san yadda zan yi.

Na same shi a shagonmu yana naɗe igiya. Na zauna a kan gwangwanin kwalta na fara kewaye-kewaye.

"Yaya, aikin nan ya yi yawa. Gara mutum ɗaya ya zauna a nan yana tsarawa, yana amsa waya, ɗaya yana hawa."

"Kai, ni za ka yi wa wayo? Ni na yi maka wanka fa."

"Likita ne ya ce."

"Likita ya taɓa hawa rufi?"

Ya ci gaba da naɗe igiyar har ya kai ƙarshenta, ya ɗaure, ya rataye. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ran nan, a kan ginin nan. Na ba ka tsoro ko?"

"Ka ba ni, Yaya."

Ya jinjina kai. Ya miƙa hannu ya zaro bel ɗin da yake ɗaurawa in zai hau, wanda fatarsa ta yi laushi saboda daɗewa, ya ajiye mini a cinya. "Naka ya yi maka kaɗan, ka yi tumbi," ya ce. Ya fita ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon titi.

Daga nan na shiga tsere da ciwon. Kullum in na dawo, sai in zauna kusa da shi in yi ta tambayarsa gini bayan gini. Wata rana magana ta yi ta zuba, har ya gaya mini wace kusurwa ce take fara tsagewa in zafi ya yi yawa. Wata rana kuma ya haɗa gine-gine biyu ya mayar ɗaya, in na gyara masa ya fusata. Da muka zo kan dogon benen nan mai ofisoshi, sai ya ɗaga yatsa.

"Akwai wani abu a can. Kada ka manta da shi."

"Mene ne, Yaya?"

Ya yi ta murza goshi. Idonsa ya ciko. "Yana nan, yana nan a bakina."

Bai fito ba. Na hau benen na duba iya dubawata, ban ga komai ba. Ruwan farko da aka tafka, silin hawa na ƙarshe ya rufto a kan teburan mutane, Allah ya sa sun fita cin abinci. Ashe akwai wata ƙaramar magudana a bayan injin sanyaya ɗaki, sai an kwanta rub da ciki ake ganinta, tsuntsaye sun cika ta da ciyawa. Shekara da shekaru Yaya yana zura hannu ya share ta a wucewa, bai taɓa ɗaukar ta abin faɗa ba. Manajan ya karɓe makullinsa, ya ce sun sami wasu. Ban gaya wa Yaya ba.

Yanzu ba ya zuwa shago. Yana zama a barandar gidansa, matarsa tana sa masa kujera inda zai riƙa ganin sama. In hadari ya haɗu sai ya kasa zama, ya yi ta kai da komo yana lalube aljihu, sai ta riƙe hannunsa ta ce an riga an duba ko'ina.

Makon jiya na biya da la'asar, da kayan aiki a jikina. Na gaishe shi, ya amsa da fara'a irin wadda yake yi wa baƙi, ya nuna mini benci.

"Malam, rufinka ne ke yoyo?"

Matarsa ta buɗe baki za ta yi magana, na girgiza mata kai. Na ce, "Eh, yana ɗan yi."

"Kwano ne ko siminti?"

"Kwano."

"To kada ka bari sai ruwa ya sauka. Ɗigon da ka gani a ɗaki, ba nan ramin yake ba, daga sama yake gangarowa." Ya gyara zama. "Ni na daina hawa. Amma ina da ƙane, zan turo maka shi. Yana da nauyin ƙafa, za ka ji shi tun daga ƙasa, amma ba ya ha'inci. In ya ce ya duba, to ya duba."

Na ce na gode. Ya ce in gaida gida. Matarsa ta rako ni har bakin ƙofa tana goge ido da gefen mayafi. Na shiga mota na zauna na ɗan jima, sannan na tayar, don akwai kanti guda da ya rage mini, ga gabas ta fara yin baƙi.