Kusoshi Arba'in a Cikin Fiyano

Kafin in kai hawa na uku sun riga sun ɓalle ƙofar maƙwabcinmu Ustaz Zahi, wani tsoho malamin kiɗa. Samari uku ne masu tsaron shingen bakin layi, kowa da bindiga. Babbansu Bassam, ajinmu ɗaya a sakandare. Ya zazzage gwangwanin tsohon a kan tebur: kusoshi, guntayen waya, agogon auna daƙiƙa. Ga kuma doguwar takarda cike da layuka da ɗigo da lambobi.

Bassam ya ce taswirar unguwa ce, ɗigon nan gidajen da za a tayar wa bam ne. Ustaz ya ce kiɗa ne a rubuce. Shekara tara shi da abokansa uku suna haɗuwa a ɗakin nan, shi a fiyano, biyu da goge, ɗaya da sarewa, har yaƙi ya tsaga Beirut biyu ya bar abokan a ɗaya ɓangaren. Kusoshin kuwa tsakanin wayoyin fiyano yake cusa su don muryarsa ta sauya. Duk gidan an san haka, shekara tara ana zaginsa a kai. Na ƙwala wa maƙwabciyarmu Umm Fu'ad kira ta fito ta ba da shaida. Ina ji ta murɗa makulli sau biyu.

"To Baba, in kiɗa ne kaɗa mana," in ji Bassam. "Na biki. In na gane shi, mun tafi."

Na ce, "Ustaz, don Allah, ko na rakiyar amarya ne."

Bai yi gardama ba. Mutumin da ya sha gaya mini kiɗan biki alewar yara ce ya zauna ya ɗora yatsu. Sai dai tun da safe ya shirya fiyanon, kusoshi arba'in na ciki. Abin da ya fito ƙwal, ƙwas, tim, kamar ana jifan tukwane. Ya tsaya, ya zura hannu ciki zai zare su.

"Zai ja waya!" in ji ɗayansu.

Suka maka masa murfin fiyanon a hannu. Gindin bindiga ya same shi a ƙeya, ya zube, suka bi shi da takalma. Na cakumi rigar Bassam, ya sharara mini mari har na bugu da bango. Iyali goma sha biyu ne a benen nan, da masu digiri, da masu coci, da masu masallaci, ba ƙofar da ta motsa.

Bassam ya ɗaga murfin ya leƙa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce ai da tsohon ya yi bayani. Suka sauka.

Hanyar asibiti masu harbi daga saman benaye sun tare ta. Na tallafi kansa a cinyata, jini na bin kunnensa. Bai sake magana ba. Hannun da bai karye ba yana kan daɓe, yatsu uku na ɗagawa suna sauka a hankali. Wajen la'asar suka koma biyu, sannan ɗaya.