Alli a Yatsun Inna

Da makarantar 'yan mata ta cika shekara saba'in, sai kwamiti ya ce a zana hoton matar da ta kafa ta, a rataye a babban zaure. Ita ce ta fara da yara tara a ƙarƙashin rumfa, ta yi ta zarya ofis-ofis har masu mulki suka gaji da ganinta suka ba ta fili. Sai dai baiwar Allah ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Duk mai ɗaukar hoton da ya zo, sai ta ce masa tana da aji.

Shi ya sa aka ɗauko Auta, 'yarta da ta rage a raye, ta zo ta duba aikin. Auta ta tsufa, kuma akwai abin da take ɓoyewa: fuskar mahaifiyarta ta ɓace mata. Tana tuna muryar, tana tuna takun, amma fuskar ta ƙi zuwa. Abin yana ba ta kunya, yana kuma ba ta tsoro.

Mai zanen, wata budurwa mai haƙuri, ta bi tsofaffin ɗalibai gida-gida. Wannan ta ba ta hanci, waccan ta ba ta gira, kuma dukansu sun haɗu a kan cewa Shugaba ba ta dariya. Ga ta nan kuwa a jikin allo, baki a tsuke, kamar za ta tambayi wanda ya makara.

"Mama, ita ce?" in ji mai zanen.

Auta ta daɗe tana kallo. Ba ta san wannan matar ba, kuma ba ta da abin gyarawa. Sai idonta ya sauka kan hannayen.

"Hannun Inna bai taɓa yin fes haka ba," ta ce. "Kullum da alli. 'Yata, samo mini guntu."

Aka kawo daga ajin kusa. Auta ta murza shi a yatsunta don ta nuna inda farin yake tsayawa. Nan ta tuna yadda Inna ke dawowa daga aji, ko jaka ba ta ajiye ba, ta kama kumatunta da hannu biyu. Duk unguwa sun san Auta da farin shatin yatsu a fuska.

Ba ta san lokacin da ta ɗora yatsun a kuncinta ba. Ta ji ƙanshin allin, sai ga fuskar a gabanta, ta sunkuyo dab da tata. Hawaye suka zubo, ta bar su.

"Buɗe mata baki kaɗan," ta ce wa mai zanen. "Tana da wushirya. Ɗalibai ba su sani ba, ni take yi wa dariya."