Zazzaɓin da Ba Nawa Ba

Tun ranar Asabar Kaka Dulcie take zarya zuwa bayan gida. Ranar Litinin da hantsi na same ta a baranda ta lulluɓa da bargo biyu, alhali kwanon rufinmu har ƙara yake yi don zafin rana.

"Kaka, mu je wurin nas."

"Wace nas? Wadda ta kira wa kakanki jirgi? Yana ina yanzu?"

Shekara huɗu ke nan da jirgin saman likitoci ya ɗauke shi zuwa babban asibitin bakin teku, kuma a akwatin gawa ya dawo. Tun daga lokacin Kaka ta rantse ba inda za ta mutu sai gidan nan.

Ta ce, "Matso nan, Charmaine. Matar nan mai kemis an ba ta izinin rubuta maganin ciwon fitsari da kanta, ba sai an jira likita ran Alhamis ba. Amma wai sai wadda ba ta haura sittin da biyar ba. Ni kuwa saba'in da uku. Ke za ki je, ki ce ke ce."

"Ni ban iya ƙarya ba, Kaka."

"Ai kin iya sunkuyar da kai, bakinki kamar an ɗinke. Ki ce zafi in kina fitsari, ki ce kina yawan zagayawa. Shi ke nan. Kar ki ƙara ko kalma ɗaya."

Misis Farrugia mai kemis shekararta biyu a garinmu, amma har yanzu mutane ba su saki jiki da ita ba. Ana cewa duk abin da aka faɗa mata sai ta buga a kwamfuta, ya tafi wurin gwamnati. Ta shigar da ni ƙaramin ɗakin da ke bayan kanta, ta rufe ƙofa, ta juya fuskar kwamfutar yadda ba zan gani ba.

"Shekarunki nawa?"

"Ashirin da biyu."

"Kina da ciki?"

Na girgiza kai, idona a kan takalmina.

"Zazzaɓi fa? Ciwon baya?"

A nan na ɓata. Na tuna Kaka a cikin bargo, sai na ga in na faɗi duka za ta ba ni magani mai ƙarfi. Na ce akwai zazzaɓi, da rawar sanyi, da ciwon baya, har da amai yau da safe.

Yatsunta suka tsaya. Ta leƙo ni ta saman tabarau, ta ɗauko ma'aunin zafi ta sa mini a kunne. Ta duba, ta sake sawa a ɗayan.

"Nuna mini wurin da ke ciwon."

Na kai hannu dama, na fasa, na kai hagu.

"Da ƙafa kika zo? Tun daga bayan garken shanu, a ranar nan, da zazzaɓi? Lallai ke jaruma ce, 'yata."



"Dulcie ba ta zo karɓar maganin hawan jininta ran Asabar ba," in ji ta a hankali. "Ita da ba ta taɓa fashi."

Ashe ƙirga mu take yi. Na ce, "Kin rubuta sunana a ciki?"

"Ban ajiye komai ba."

Ban yarda ba, tunda ba na ganin fuskar kwamfutar.

Ta ce, "Saurara. Ba na rubuta magani ga wanda ban gani ba. Kuma abin da kika lissafa, ko ke ce, ya fi ƙarfin izinina. Alama ce ciwon ya hau ƙoda. Ƙwayar da aka yarda in bayar ba za ta isa can ba, sai dai ta sa ku zauna kuna jira."

"Don Allah kar ki kira jirgi."

"Ba ni ke kiran jirgi ba. Nas zan kira, ita ta duba ta yanke. Tun yaushe take aman?"

Zan iya tashi in fita. Ƙofar ba a kulle take ba. Amma na zauna na faɗa mata komai, ta ɗaga waya ina kallo.

Da la'asar jirgin ya sauka. Ana ɗaure Kaka a kan gadon ɗauka, ta kama rigata.

"Ke kika faɗa, ko mayyar ce ta tono?"

"Ni ce, Kaka."

Ta sake ni. Ba ta ƙara kallona ba har aka rufe ƙofar jirgin.

Kwananta tara a can. Ta dawo da ƙafarta, ta rame, tana zagin abincin asibitin. Nas ta ce da an ƙara kwana biyu da labarin ya zama wani. Kaka ta ce nas ta faɗi haka ne don ta wanke kanta.

Yanzu in na shigo ɗaki sai ta miƙe zaune, ta janye hannu daga inda take dafe da shi. In na ce, "Kaka, lafiya?" sai ta ce, "Wa ya aiko ki?" Ni kuma nakan laɓe a bakin ƙofa kafin in shiga, in saurari numfashinta.