Bakan Istifanus

Jak ɗin da ke tallafe da motar ya zame daidai lokacin da ruwa ya ɓalle ƙofar garejin. Motar ta sauko ta danne cinyar Arzika, bakanike mutumin Ƙonni, ya ji ƙashi ya ce ƙas, ya kurma ihun da bai san yana da irinsa ba. Tun hantsi sauran ma'aikata suka watse da suka ga unguwar Ras Al Khor tana zama tafki. Shi kuwa, da taurin kai irin nasa, ya ce babu inda za shi sai ya gama ɗaure ƙasan motar nan. To, ga shi motar ce ta ɗaure shi.

Ruwan ya shigo da tayoyi da kwalaye, baƙi ƙirin da tsohon mai, har ya kai masa ciki. Sai ga Istifanus, mai walda na shagon da ke manne da nasu, ya kutso riƙe da wani dogon bututun ƙarfe. Dattijo ne mutumin Wusasa, Kirista, wanda Arzika ya daɗe yana cin tuwonsa yana kuma tsokanarsa da sunan Fasto.

"Baba, na mutu! Ƙahwata!"

Arzika ya cafke wuyan rigarsa kamar zai shaƙe shi. Istifanus ya ɗauke shi da mari har leɓensa ya fashe.

"Sake ni, Bafaranshen banza! In na ɗaga, ka ja jikinka. Yalla, maza!"

Ya cusa bututun ƙarƙashin motar, ya durƙusa ya sa kafaɗa, jijiyoyin wuyansa suka yi ruɗu-ruɗu. Motar ta ɗaga kaɗan. Arzika ya ja da baya yana ihu, ƙarfe yana yagar masa nama, har ƙafar ta fito tana reto. A daidai nan bututun ya sulɓe a kan mai. Motar ta dawo da duk nauyinta, ta kwantar da Istifanus ta hau ƙirjinsa.

Arzika ya daki motar da hannu har ya yi jini. Ya kama bututun, amma mai ƙafa ɗaya a cikin ruwa me zai ɗaga? Wayarsa ta sha ruwa ta mutu. Ya kira mutane har muryarsa ta dushe, tsawa kawai ke amsa masa. Da ya ga ruwa na neman rufe fuskar Istifanus, sai ya zauna ya ɗora kan dattijon a kan cinyarsa mai lafiya, ya tallafe haɓarsa sama. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba.

"Tashin duniya ne, Baba. Ruwan Annabi Nuhu ne ya dawo."

"Ba zai dawo ba," Istifanus ya ce, jini na fita ta gefen bakinsa. "An yi alkawari. Da Nuhu ya sauko daga jirgi, Allah ya ce ba zai ƙara shafe duniya da ruwa ba. Ya rataye bakansa a gajimare ya zama shaida. Haka yake a littafinmu."

"Wane baka?"

"Wanda kuke ba wa Gizo. Ina Gizo ya samu baka? Na Mai Sama ne. Maharbi in ya rataye baka, ai ya gama harbi."

Arzika ya share majina da kafaɗa. "Mu a Ƙonni zagin shi mukai. Shi ka shanye muna hadari, gero ya ƙone."

Istifanus ya so yin dariya, tari ya sarƙe shi, jini ya fantsama a fuskar Arzika.

"To yau ka ba shi haƙuri, ya zo ya sha."

Iska ta fizge kwanon rufi ɗaya ta yi gaba da shi. Ruwan ya kai haɓar dattijon, Arzika ya ƙara ɗaga kan har wuyan ya miƙe.

"In alkawari ne, don mi kake mutuwa?" ya faɗa da kuka. "Don mi?"

"Duniya aka ce. Ba a ce Istifanus ba." Ya ja numfashi da ƙyar. Da ya sake magana, muryar ta zama ta mai jin tsoro, kuma wannan ya fi karayar ƙafar yi wa Arzika ciwo. "Duba mini, Arzika. Idona ya yi duhu. Ya fito?"

Arzika ya ɗaga kai ya leƙa ta inda kwanon ya yaye. Ruwan saman ya tsagaita, amma sama baƙa ce daga wannan gefe zuwa wancan, sai wani ɗan haske mai rauni da ya ratso. Babu komai. Ya sunkuyar da kai yana neman yadda zai faɗa.

Hasken ya sauka a kan man da ke yawo bisa ruwan. Ja da kore da shuɗi suka shimfiɗu suka lanƙwasa, suka kewaye kafaɗar dattijon.

"Ya hito, Baba."

"A sama?"

"Ga shi nan dab da kai."

Istifanus bai sake tambaya ba. Kansa ya yi nauyi a hannun Arzika, bakinsa a ɗan buɗe. Can waje an fara jin muryoyin mutane suna kiran ko akwai wani a ciki. Arzika bai amsa ba tukuna. Ya zauna yadda yake, ko yatsa bai motsa ba, don kada ruwan ya kaɗa, bakan ya watse.