Allura Maras Ruwa

Kaset ɗin ya iso Gure a aljihun wani direban kamiyo, babbar motar kaya, da ya fito daga Libiya. Mairamu ta ari rediyon maƙwabta ta saurare shi sau uku. Muryar mijinta ce, Aisami, wanda ya tafi neman aiki tun farin tamanin da huɗu, yau shekara goma sha uku ke nan. Da farko wasiƙa biyu ya aiko, daga nan shiru. Yanzu ga shi yana cewa ya sha wuya, har gidan kaso ya kwana saboda rashin takardu, amma bayan ƙaramar Sallah yana tafe. Ya gaida kowa. Ya gaida surukarsa Inna Yabawa har sau biyu, bai san ta shekara biyu a ƙasa ba. A ƙarshe ya rage murya ya ce, "Mairamu, duk sanda na rufe ido fuskarki nake gani, kamar ranar da na tafi."

Wannan maganar ce ta hana ta sakat. Ta ɗauko ɓallin madubin da ta daɗe da mantawa da shi ta duba, sai ranta ya ɓaci. Shekara goma sha uku tana ban ruwan albasa a kwari, can ƙarƙashin tudun rairayi, tana tsintar dabino tana ɗaukar kanwa a ka, ai rana ba ta barin mutum haka kawai. Goshi ya tattare, kumatu sun zube. Har tsagar gadonsu ta Manga, wadda Aisami ke tsokanarta da ita suna amarci, ta ɓace cikin layukan da wahala ta zana. Shi yana can yana ajiye da fuskar yarinya, ita tana nan an cinye mata ita.

A unguwar 'yan kasuwa akwai Balkisu, 'yar Damagaram, matar wani mai kanti. Kafin aurenta ta yi shekara shida tana tafasa kayan aikin likitocin Shinuwa, mutanen ƙasar Sin da suka zo aiki Zinder, kuma da yake idonta a buɗe yake ta koyi yadda suke soka wa marasa lafiya allurai. Matan gari sun ce tana miƙar da fatar fuska. Mairamu ta je da rana tsaka, lokacin da ba mai ganin shigarta.

Balkisu ta kwantar da ita a tabarma, ta goge mata fuska da alkol mai kashe ƙwayoyin cuta, ta buɗe wani gwangwani. Allurai ne sirara kamar gashin wutsiyar doki.

"Ina ruwan maganin?" in ji Mairamu. Ita dai a saninta allura sai da kwalba.

"Yaya, wannan allura ce maras ruwa. Jini take tashi ya zagaya, fata ta farka. Amma in faɗa miki gaskiya tun yanzu, ba na mayar da babba yarinya."

"Yi dai abin da za ki iya."

Goma sha takwas ta soka mata, a goshi, a gefen ido, a kumatu, tana kaucewa tsagar. Ba wani zafi can, sai ɗan tsami da nauyi. Abin da ya fi ciwo shi ne kwanciyar, mace mai jika ta miƙe shiru tana jiran a gyara mata fuska saboda namijin da ya shekara goma bai aiko ko gaisuwa ba.

Magana ba ta ɓuya a Gure. Kafin mako biyu matan kwari sun sa mata suna bushiya. In ta sunkuya jan guga sai wata ta ce, "A hankali, amarya, kar ɗinkin ya warware." Ta yi dariya tare da su, ta koma gida ta yi kuka. Da azumi ya kama ta aika aka tambayo liman, ya ce tunda allurar ba ta zuba komai a jiki, ba ta karya azumi. Haka ta ci gaba, Litinin da Alhamis, da bakin azumi da komai.

A zuwa na tara Balkisu ta dube ta tana tashi daga tabarma da ƙyar, hannu a ƙugu.

"Yaya, bari in soka miki a baya. Wallahi ya fi fuskar nan bukata. Kin fara ranƙwafawa."

"Ba bayana ya ce yana gani ba."

Kuma a gaskiya allurar ta yi ɗan abin da za ta iya. Goshin ya ɗan saki, fatar ta yi haske, tsagar ta sake fitowa a inda take. Ba fuskar tamanin da huɗu ba ce, amma wanda ya san waccan zai gane wannan. Mairamu ba ta nemi fiye da haka ba, ya ɗago ido ya gane ta, shi ke nan.

Kwana tara bayan Sallah, da la'asar, aka shigo da gudu aka ce ga Aisami can ya sauka a tasha. Ta yi wanka, ta sa kwalli, ta shafa man shanu. Da ta buɗe akwati sai ta tarar zannuwanta duk aikin kwari ya cinye su, ba na fita kunya ko ɗaya sai baƙin saƙin Inna Yabawa, wanda marigayiyar ke ɗaurawa ranar biki. Shi ta ɗaura, ta yafa mayafinsa. Ta zauna a kan kujerar da ke gindin kurna, inda Inna ke zama.

Ya yi sallama. Ya rame, gemu ya yi furfura, amma ko cikin mutum dubu za ta tsamo shi. Ta miƙe a hankali, hannu a ƙugu, ta ɗaga masa fuskarta.

Daga bakin ƙofa ya hango baƙin saƙi da ranƙwafaffen baya a gindin kurna. Nan take ya sauke ido, ya tuɓe takalmi, ya tako ya durƙusa nesa kaɗan, kai a ƙasa, yadda ɗan kirki ke yi wa surukarsa. Aisami dai ba a taɓa kama shi da rashin kunya ba.

"Inna, mun same ku lafiya? Yaya ƙarfin jiki? Ku yafe mini, na daɗe."

Ta buɗe baki ta amsa. Muryar a dushe ta fito, irin ta tsofaffi.

"Lafiya lau."

"Alhamdu lillahi." Idonsa na kan rairayin da ke gaban gwiwarsa. "Mairamu fa? Ko ta fita?"

Ta tsaya tana kallon tsakiyar kansa. Ta jira ya ɗago, ko da kuskure. Bai ɗago ba. Ta ja mayafin ta rufe fuskar.

"Ta tafi kwari ban ruwa," ta ce. "Tun da ta tafi ba ta dawo ba."

"To, Allah ya dawo da ita lafiya."

"Amin," in ji Mairamu.